Korar ma'aikatan Twitter bayan Elon Musk ya sayi kamfanin: gyara ne ko cin mutunci?

Malam Habu, Zariya:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne hukuncin da hukumar sasanta rikicin ma'aikata ta ƙasar Ireland ta yanke a watan Agustan 2024, inda ta umarci kamfanin X, wanda muka fi sani da Twitter, ya biya wani tsohon babban ma'aikacinsa na ofishin Dublin diyyar sama da yuro 550,000, saboda ta gamsu cewa an kore shi ba bisa ƙa'ida ba. Abin da mutumin ya yi kawai shi ne bai danna alamar amincewa ba a saƙon da Elon Musk ya aika wa ma'aikata ranar 16 ga Nuwamban 2022, wanda a ciki ya ba su zuwa yammacin washegari su yarda za su yi aiki ba dare ba rana, in ba haka ba a ɗauka sun ajiye aiki da kansu.

Domin tunatarwa, Musk ya kammala sayen kamfanin ranar 27 ga Oktoban 2022 a kan dala biliyan 44, kuma nan take ya kori shugabansa Parag Agrawal da shugaban sashen kuɗi Ned Segal da shugabar sashen shari'a Vijaya Gadde. Ranar 4 ga Nuwamba aka sallami kimanin mutum 3,700 daga cikin 7,500. Zuwa Afrilun 2023, shi da bakinsa ya shaida wa BBC cewa waɗanda suka rage ba su wuce 1,500 ba. Yanzu da ƙura ta ɗan lafa, ina son mu tattauna cikin natsuwa: abin da ya yi ceton kamfani ne, ko kuwa zalunci ne aka yi wa masu neman halalinsu?

Alhaji Ɗanlami, Kantin Kwari:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni ɗan kasuwa ne, kuma da idon ɗan kasuwa zan duba al'amarin. Mutum ya zuba dukiyarsa ya sayi shago, ya buɗe littafi ya tarar ana tafka asara, to wa zai hana shi rage yara? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun da Twitter ya shiga kasuwar hannun jari a 2013, shekara biyu kacal ya taɓa rufewa da riba, wato 2018 da 2019. A ƙarshen 2019 ma'aikatansa kimanin 4,900 ne, amma zuwa ƙarshen 2021 sun kai 7,500, alhali a wannan shekarar asarar dala miliyan 221 ya yi. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Shi kansa Jack Dorsey, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ya fito kwana ɗaya bayan korar ya ce shi ne ya faɗaɗa kamfanin da gaggawa, kuma ya nemi afuwa.

Musk ya ce a lokacin kamfanin yana asarar sama da dala miliyan 4 a kullum. Duk wanda ya taɓa biyan albashi daga aljihunsa ya san abin da wannan yake nufi. Ina tausaya wa waɗanda abin ya shafa, Allah ya musanya musu da mafi alheri, amma da a bar jirgi ya nutse da kowa gara a rage masa kaya.

Akanta Musa, Kaduna:

Alhaji, ranka ya daɗe, alƙaluman da ka kawo daidai ne, sai dai akwai shafi ɗaya na littafin da ba ka buɗe ba, kuma a ganina shi ne tushen maganar gaba ɗaya. Wannan dala biliyan 44 ba duka daga aljihun Musk ta fito ba. Kimanin dala biliyan 13 bashi ne da bankuna irin su Morgan Stanley da Bank of America da Barclays suka bayar, kuma yadda aka tsara cinikin, a wuyan kamfanin aka rataya bashin, ba a wuyan mai saye ba. Kafin cinikin, kuɗin ruwan da Twitter yake biya a shekara bai wuce wajen dala miliyan 50 ba. Bayan cinikin ya haura dala biliyan 1 a shekara, a kamfanin da duk abin da ya shigo masa a 2021 dala biliyan 5 ne da 'yan kai.

Saboda haka idan aka ce ana asarar miliyoyi a kullum, ya kamata a tambaya nawa ne daga ciki tsohuwar asara, nawa ne kuma sabon cinikin ya haifar. Ka tuna kuma cewa ita asarar 2021 da ka ambata ta haɗa da sama da dala miliyan 800 da kamfanin ya biya don sasanta wata ƙara da masu hannun jari suka shigar, wanda abu ne na lokaci ɗaya.

Sannan farashin da kansa. Musk ya taya kowane hannun jari a kan dala 54.20 a watan Afrilu, kasuwa ta faɗi, ya nemi ya janye a watan Yuli, kamfanin ya maka shi a kotun jihar Delaware, da ya ga ranar shari'a ta matso sai ya dawo ya amince a farkon Oktoba. Shi da kansa ya faɗa a bainar jama'a cewa kuɗin da suke biya ya fi ƙarfin darajar kamfanin a lokacin. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da yake damuna shi ne wanda ya yi kuskuren ciniki daban, waɗanda aka cire kuɗin kuskuren daga bakin abincinsu daban. Masu hannun jari sun karɓi kuɗinsu cif, bankuna sun karɓi ladan haɗa ciniki, injiniya da mai amsa ƙorafin jama'a su ne suka koma gida.

Alhaji Ɗanlami, Kantin Kwari:

Na ji wannan bayani, Akanta, kuma na ƙaru da shi, domin ban san a kan kamfanin aka ɗora bashin ba. Amma duk da haka, da aka riga aka ƙulla cinikin, bashi ya zama wajibi a biya. Kana so ya zauna yana kallon bankuna su ƙwace kamfanin, kowa da kowa ya rasa aiki?

Hajiya Rabi, Abuja:

Alhaji, ina neman izini in shigo a nan, domin ni wannan magana ba a jarida kawai na karanta ta ba. Na yi shekara goma sha ɗaya ina aiki a wani banki wanda daga baya wani bankin ya haɗiye shi. Wata ranar Litinin na sauke yarana a makaranta, na isa ofis kafin ƙarfe takwas, na kunna kwamfuta na saka lambar sirrina, ta ƙi buɗewa. Na sake sakawa har sau uku ina zaton hannuna ne ya kuskure. Da na ɗaga kai sai na ga abokiyar aikina a tebur na gaba ita ma ta ƙura wa tata ido, ta dafe kirji. Babu wanda ya ce mana uffan har wajen ƙarfe goma, sannan aka kira mu ɗaya bayan ɗaya aka miƙa mana ambulan. Maigadin da nake ba kuɗin goro duk Juma'a shi aka sa ya tsaya a kaina ina kwashe kofina da sallayata da hoton 'ya'yana, kansa a sunkuye, ya kasa haɗa ido da ni.

Na kawo wannan ne saboda kusan haka aka yi wa mutanen Twitter, har ma nasu ya fi muni. Da yammacin 3 ga Nuwamba aka aika musu saƙo marar sa hannun kowa, aka ce an rufe ofisoshi, an dakatar da katin shiga, kowa ya koma gida ya jira: wanda aka bari zai ga saƙo a imel ɗin aiki, wanda aka kora zai gani a imel ɗinsa na ƙashin kansa. Da yawa tun cikin dare suka gane makomarsu, lokacin da kwamfutocinsu suka kulle kansu. Mutumin da ya ba wuri shekara takwas ko goma na rayuwarsa, na'ura ce ta sanar da shi cewa ba a bukatarsa.

Ban ce kada a rage ma'aikata ba, domin na yi aikin banki na san lissafi. Abin da na kasa mantawa har yau shi ne awa biyun nan da na yi a gaban kwamfutar da ta ƙi buɗewa, manajan da muka yi shekaru tare yana wucewa ta gabana yana kallon wayarsa. Kuɗin da suka tafi na daɗe da daina lissafa su.

Injiniya Sadiq, Abuja:

Allah ya ƙara haƙuri, Anti. Ni aikin rubuta manhaja nake yi, kuma gaskiya ta tilasta mini in faɗi abin da zai ƙarfafa hujjar Alhaji ta wani ɓangare. A watan Nuwamban 2022 mu da muke wannan sana'a mun yi ta cewa dandalin zai durƙushe cikin 'yan kwanaki, musamman da gasar cin kofin duniya ta Qatar za ta fara ranar 20 ga watan, lokacin da cunkoso yake yin yawa. An buga gasar an gama, dandalin yana tsaye. An samu katsewa nan da can, an kuma ji kunya a watan Mayun 2023 lokacin da Ron DeSantis, gwamnan jihar Florida a lokacin, ya zo ƙaddamar da takararsa ta shugaban ƙasa a dandalin sauti ya riƙa yankewa, amma rugujewar da muka yi hasashe ba ta zo ba. Mun yi kuskure, kuma ya kamata mu amsa. Ƙaramin ayari yana iya riƙe babban abu: lokacin da Facebook ya sayi WhatsApp a 2014, ma'aikatansa 55 ne kawai.

Sai dai akwai abin da mutanen waje ba su cika lura da shi ba. Dalilin da ya sa bai faɗi ba shi ne waɗanda aka kora sun gina shi da ƙwari tsawon shekaru, ta yadda idan wani sashe ya samu matsala wani zai ɗauka. Kamar magini ne ya gina maka gida mai kyau, ka kore shi, damina ta wuce gidan bai rushe ba, sai ka ce ashe dama ba shi da amfani. Kuma yadda aka zaɓi waɗanda za a kora ya nuna garaje, tunda cikin 'yan kwanaki rahotanni suka fito cewa an koma ana roƙon wasu su dawo, ko dai an kore su bisa kuskure ko kuma an gano ba za a iya yin wani aikin ba sai da su. Mako guda bai isa sabon mai gida ya san wanda yake riƙe da mabuɗin wane ɗaki ba.

Ina ƙara tunatar da mu 'yan ci-rani da suke aiki da bizar H-1B, wato bizar aiki ta Amurka, waɗanda doka ta ba kwana 60 kacal su samu wani aikin ko su bar Amurka. Irin waɗannan, da saƙon “aiki ba dare ba rana” ya iso, ba za a ce da zaɓi suka amsa ba.

Barista Hauwa, Kano:

Bari in warware batun “albashin wata uku” da Musk ya ce an ba kowa, domin ana yawan kafa hujja da shi. A Amurka akwai dokar tarayya ta 1988 da ake kira WARN, wadda ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 100 ko fiye ya ba da sanarwar kwana 60 kafin ya yi kora mai yawa, kuma jihar California tana da irin tata. Abin da kamfanin ya yi shi ne ya rufe wa mutane hanyar aiki nan take, ya ci gaba da biyansu albashin wa'adin da doka ta tilasta, sannan ya yi tayin ƙarin wata ɗaya ga wanda ya sa hannu cewa ba zai kai ƙara ba. To kun ga a cikin ukun nan, biyu haƙƙi ne na doka, ɗaya ne kawai kuɗin sallama. Su kuwa ma'aikatan sun ce tsohuwar hukumar kamfanin ta yi musu alkawarin fiye da haka kafin a kammala ciniki.

A kotu kowane ɓangare ya ci ya kuma sha kaye. Wata lauya mai suna Shannon Liss-Riordan ta shigar da ƙara a San Francisco tun daren da aka fara rufe kwamfutoci, amma da yake yawancin ma'aikatan sun sa hannu tun ranar ɗaukarsu cewa duk wata taƙaddama a gaban mai sulhu za a warware ta, sai aka tura su can ɗaya bayan ɗaya, har ƙorafe-ƙorafen suka haura 2,000. A watan Yulin 2024 kuma wata alƙaliya a California ta kori ƙarar da ake neman dala miliyan 500 na kuɗin sallama, bisa dalilin cewa dokar da aka dogara da ita ba ta shafi wannan tsari ba. A Ireland kuwa ma'aikaci ya yi nasara, domin a can yin shiru ga saƙon imel na kwana ɗaya ba ya zama ajiye aiki.

Abin lura shi ne kamfani ɗaya ne, mai shi ɗaya ne, umarni ɗaya ne, amma abin da ma'aikaci ya samu ya danganta da ƙarfin dokar ƙasar da teburinsa yake. A nan Najeriya, sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya ce a sanar da ƙungiyar ma'aikata, a bi ƙa'idar wanda ya zo daga baya shi zai fara tafiya, sannan mai aiki ya yi iya ƙoƙarinsa wajen tattauna kuɗin sallama. “Iya ƙoƙarinsa” kalma ce mai faɗi ƙwarai, kuma ma'anar “ma'aikaci” a dokar ba ta haɗa da masu aikin gudanarwa da ƙwararru irin su Hajiya Rabi ba. Su takardar ɗaukar aikinsu ce garkuwarsu, sai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa idan suna da ƙarfin zuwa.

Malam Issaka, Nima, Accra:

Barista ta taɓo inda yake mana ƙaiƙayi mu mutanen Ghana. A watan Afrilun 2021 Twitter ya sanar cewa a Accra zai buɗe ofishinsa na farko a nahiyar Afirka, har shugaba Akufo-Addo ya yi maraba da abin a bainar jama'a, mu kuma muka yi ta tsokanar 'yan'uwanmu na Najeriya cewa an tsallake Legas. An ɗauki matasa, ba su kai 20 ba, wasu daga Najeriya da wasu ƙasashe suka tattara suka dawo Accra. Sun yi sama da shekara suna aiki daga gida. Ranar 1 ga Nuwamban 2022 aka buɗe musu ofis na zahiri, ranar 4 ga wata aka kori kusan dukkansu.

Takardar da aka ba su da farko ba ta ma ambaci kuɗin sallama ba, alhali a daidai lokacin mai kamfanin yana faɗa wa duniya cewa kowa ya samu wata uku. Dokar Ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta ce sai an sanar da babban jami'in ƙwadago wata uku kafin a rage ma'aikata, kuma sai an zauna an tattauna abin da za a biya. Sai da suka ɗauki lauya, suka kai kuka ga hukuma, 'yan jarida suka yi ta bibiya, sannan aka fara sauraronsu, kuma sai a watan Fabrairun 2024 aka ji cewa an biya su haƙƙinsu da kuɗin mayar da baƙi ƙasashensu. Wata goma sha biyar ke nan mutum yana jiran abin da doka ta ce nasa ne, yana biyan hayar gida a Accra, inda masu gida suke karɓar kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule.

Alhaji, ka ce an rage kaya ne don kada jirgi ya nutse. Albashin mutum goma sha wani abu a Accra wane nauyi yake da shi a kamfanin dala biliyan 44? Idan har an ga dole a rufe ofishin, biyansu a kan lokaci ba zai girgiza asusun kowa ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a biya ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe.

Malam Habu, Zariya:

Maganar Malam Issaka ta tuna mini da namu ɓangaren. Gwamnatin Buhari ta dakatar da Twitter a watan Yunin 2021 bayan an goge wani saƙon shugaban ƙasa, ba a ɗage ba sai 13 ga Janairun 2022, kuma cikin sharuɗɗan da gwamnati ta ce an amince da su har da yin rajista a Najeriya da naɗa wakili. Wata goma bayan haka aka share ayarin da ya fi kusa da mu, ana saura ƙasa da wata huɗu a yi zaɓen 25 ga Fabrairun 2023. An kuma rushe sashen kare haƙƙin ɗan Adam na kamfanin gaba ɗaya, abin da ya sa shugaban hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Volker Türk, ya rubuta wa Musk buɗaɗɗiyar wasiƙa ranar 5 ga Nuwamba.

Ni malamin harshe ne, kuma na san cewa Bahaushe idan zai tunzura jama'a ba lallai ya yi zagi a fili ba. Da habaici da zambo da karin magana zai yi, kalmomin su fito tsaf kamar ba komai, amma duk ɗan gari ya san inda aka dosa. Na'urar da aka koya wa Turanci ba za ta kama wannan ba, sai mutum mai jin harshen kuma mai sanin abin da yake faruwa a garin. Injiniya, ko akwai abin da aka sani game da yadda korar ta shafi wannan aiki?

Injiniya Sadiq, Abuja:

Akwai, Malam. A ranar korar, shugaban sashen tsaro da aminci na lokacin, Yoel Roth, ya ce kimanin kashi 15 cikin 100 ne kawai aka rage a sashensa, amma shi kansa ya ajiye aiki cikin mako guda, kuma a tsakiyar watan aka sallami dubban 'yan kwangila waɗanda da yawansu aikin tace abin da ake wallafawa suke yi. A Janairun 2024 hukumar kula da tsaron intanet ta Australiya ta fitar da alƙaluman da kamfanin ya miƙa mata da kansa: injiniyoyin da suke aiki a kan tsaro da aminci sun ragu daga 279 zuwa 55, masu tace bayanai na dindindin kuma daga 107 zuwa 51.

An ga illar garajen tun a makon farko, lokacin da aka fara sayar da shuɗiyar alamar tantancewa a kan dala 8. Wani ya buɗe shafi da sunan kamfanin magunguna na Eli Lilly ya rubuta cewa insulin ya zama kyauta, kuma saƙon ya ɗauki sa'o'i yana yawo kafin a cire shi. Don adalci, tsarin da masu amfani suke ƙara bayani a ƙarƙashin saƙon ƙarya yana aiki a wasu lokutan, kuma ina ganin amfaninsa, sai dai yana bukatar masu sa kai da yawa a harshe ɗaya kafin ya yi tasiri.

Alhaji Ɗanlami, Kantin Kwari:

Batun Accra ba ni da abin cewa a kai, wannan kuskure ne, haƙƙin mutum ba a jan sa. Amma ina da tambaya, kuma da gaske nake yin ta. Kwana biyar bayan korar Twitter, Meta mai Facebook ya kori mutum 11,000. A Janairun 2023 Google ya kori 12,000, Microsoft 10,000, Amazon 18,000. Yawancin waɗannan kamfanoni riba suke ci ta biliyoyi, babu wanda ya saye su da bashi, kuma kowannensu ya kori fiye da abin da Musk ya kora. Me ya sa sunansa kaɗai ake kira? Ina jin akwai ƙiyayyar siyasa a ciki, saboda ya buɗe shafukan da aka rufe kuma yana faɗin abin da manyan 'yan jaridar Amurka ba sa so.

Hajiya Rabi, Abuja:

Siyasa tana ciki, Alhaji, ban musa ba, kuma ban wanke sauran ba. Amma 11,000 na Meta kashi 13 cikin 100 ne na ma'aikatansa, shi kuwa wannan rabi ya kora a rana ɗaya, daga baya abin ya kai kusan kashi 80. Shugaban Meta, Mark Zuckerberg, ya sa sunansa a wasiƙar korar, ya ce shi ya yi kuskuren lissafi, ya ba da albashin mako 16 da ƙarin mako biyu a kan kowace shekarar aiki, da inshorar lafiya ta wata shida. Wanda aka kora a can ma ya yi kuka, amma ya san wa ya kore shi kuma ya san da me zai tafi.

Kai ɗan Kwari ne, ka fi ni sanin cewa a kasuwa kalmar “sallama” tana da nauyinta. Idan aka ce maigida ya sallami yaronsa, ana nufin ya zaunar da shi, ya ba shi jari, ya sa masa albarka, wani lokacin har ya kama masa rumfa. Idan aka ce ya kore shi, kowa ya san sata ya yi ko rashin kunya. Mutanen nan ba su yi sata ba. Ina tambayarka tsakani da Allah, da wace daga cikin kalmomin biyu za ka kira abin da aka yi musu?

Akanta Musa, Kaduna:

Kafin Alhaji ya amsa, ina so in ƙara abu ɗaya a kan ko korar ta ceci kamfanin. Kusan kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigar Twitter daga talla yake zuwa. Cikin makonnin farko General Motors da Pfizer da General Mills da Volkswagen suka dakatar da tallansu, saboda ba sa son sunansu ya fito kusa da abin da babu mai tacewa. A watan Yulin 2023 Musk ya rubuta da hannunsa cewa kuɗin talla ya faɗi da kusan rabi, kuma har lokacin abin da yake fita ya fi abin da yake shigowa saboda nauyin bashi. An rage kashe kuɗi sosai, wannan gaskiya ne, amma an yanke har da hannun da yake karɓo ciniki.

Alhaji Ɗanlami, Kantin Kwari:

Hajiya, kin ɗaure ni da igiyata. Kora ce, ba zan kira ta da wani suna ba.

Bari in faɗa muku abin da ya faru da ni a 2020, lokacin da aka kulle Kano saboda korona. Ina da yara tara a shaguna biyu, kaya sun maƙale a hanya, masu bina bashi suna kira, waɗanda nake bi sun kashe waya. Da aka buɗe kasuwa na yi lissafi na ga ba zan iya riƙe fiye da biyar ba. Na yi kwana uku ban yi barcin kirki ba. Na kira huɗun ɗaya bayan ɗaya zuwa gidana bayan sallar isha'i, ba a shago ba inda maƙwabta za su gani, na buɗe musu littafi suka ga abin da ya shigo da abin da ya fita. Babban cikinsu, wanda ya shekara bakwai tare da ni, na ba shi dila biyu na atamfa bashi ba tare da wa'adi ba, na kai shi wurin wani abokina ya ba shi gefen rumfa. Biyu na haɗa su da wani mai shadda da yake neman yara. Na huɗun ƙarami ne, na biya masa kuɗin koyon ɗinki na shekara guda, na kuma je na yi wa mahaifinsa bayani da bakina.

Har yanzu ina kan ra'ayina cewa mutum 7,500 sun yi wa wannan kamfani yawa, kuma duk wanda ya saye shi sai ya rage, ko da bashi ko babu. Akanta bai gamsar da ni cewa tsofaffin shugabannin suna tafiyar da shi daidai ba. Abin da na janye shi ne cewar da na yi ba shi da wata hanya. Ni da nake da shago biyu na samu kwana uku na yi tunani, na kuma samu abin da na sa a hannun kowane yaro.

Injiniya Sadiq, Abuja:

Barista, wannan zancen ya sa na ɗauko takardar aikina na sake karantawa. Wani kamfanin ƙasar waje nake yi wa aiki daga gida, a dala suke biyana, kuma yanzu na lura an rubuta ni a matsayin ɗan kwangila mai zaman kansa, kowane ɓangare yana iya raba gari da sanarwar kwana bakwai, duk wata taƙaddama kuma a ƙasarsu za a saurare ta. Shekarata biyu da rabi tare da su, kuma akwai abokaina aƙalla shida a Abuja da Kano da suka sa hannu a irin wannan takarda.

Barista Hauwa, Kano:

Ƙanena, ka rufe sunan kamfanin da adadin albashin, ka turo mini hoton shafukan ta akwatin sirri, musamman sakin layin da ya yi magana a kan ƙarewar aiki da wanda ya ambaci dokar ƙasar da za a bi. Ka duba kuma ko su suke ƙayyade maka lokacin aiki, ko sun hana ka yi wa wani aiki, kuma ko kwamfutar da kake amfani da ita tasu ce, domin kotu tana duba yadda ake aikin a zahiri, ba sunan da aka rubuta a saman takarda kaɗai ba. Ka faɗa wa abokan naka su ma su ɗauko nasu, mu haɗu ranar Asabar bayan la'asar mu bi su ɗaya bayan ɗaya.